Hannunsa a Babi na Biyu

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwanakin nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa, "Ko dai an ɗaura ne ba a gayyace mu ba?" 'Yar'uwa, da aure aka ɗaura ai da kin ji guɗa. Abin da ya same ni ba na guɗa ba ne.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a injiniyancin gine-gine. Bincikena a kan fasassun kwalabe ne, ko za a iya niƙa su a zuba a madadin wani kaso na yashi a cikin kankare ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. A gida Injiniya ake ce min, ban da Gwaggo, yayar Baba, da take cewa Injiniyar Kwalba, kuma ba da sigar yabo take faɗa ba. Na tsinci kwalabe a bayan shaguna har masu gadi suka san fuskata. Na kwaɓa siminti har tafin hannuna ya yi kaushi. Aikin ƙarfi bai taɓa ba ni tsoro ba, rubutun ne ya so ya ga bayana.

A tsangayarmu akwai wani ɗaki a saman bene, kusa da ɗakin karatu, inda ake taimaka wa ɗalibai da rubutun kundin bincike. Domin mu injiniyoyi, ka ba mu lissafi mu yi maka har gobe, amma ka ce mu bayyana shi a sakin layi guda, sai ka ga ƙato yana share zufa. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne: 'yan tebura, farin allo, da fanka mai kukan tsufa. Amma yana da doka guda da ba a wasa da ita. Mai taimako ba ya taɓa kwamfutar ɗalibi. Zai tambaye ka, zai ja maka layi a takarda, amma kai za ka rubuta da hannunka. Wanda ya karya ta ya bar aikin, in ɗalibi ne kuma nasa karatun ma ya shiga uku.

A nan na haɗu da wanda ɗalibai suke kira Jan Biro. Digiri na uku yake yi a sashenmu, yana aiki a ɗakin. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum hannun rigarsa a naɗe, da jan biro maƙale a bayan kunne. Ranar farko ya karanta shafina ya ɗago ya ce, "Me kike son cewa a nan?"

Na yi masa bayani da baki.

Ya ce, "To me ya hana ki rubuta haka? Wannan da kika rubuta ai kamar kina tsoron kar a gane ki ne."

Na ji haushinsa ranar, wallahi. Bayan 'yan watanni kuma na wayi gari ina zaɓar mayafi saboda shi. A makaranta mun ɓoye soyayyarmu, don ba a son mai taimako ya nemi ɗalibar da yake dubawa. A gida kuwa har ya zo ya gaida Baba, Baba ya ce yaron ya kwanta masa a rai.

Ku gane wani abu game da Baba. Rabin rayuwarsa a bayan sitiyarin babbar mota ya yi ta, yana dakon siminti daga gari zuwa gari. Da na ce ina son ƙarin karatu kafin aure, dangi suka yi min caa, Gwaggo na gaba da maganar ɗan ƙawarta mai shagon tayil. Baba ne ya tsaya. Ya ce, "Ni na ɗauki siminti ban san abin da ke cikinsa ba. Ku bar min 'yata ta sano min. Ranar da ta tsaya gaban malamai ta kare kundinta, mai magana ya zo da maganarsa." Tun daga nan duk gorin da aka yi, shi yake shanyewa.

Babi na biyu shi ne inda ake nazarin abin da masana suka riga suka rubuta a kan batunka. Nawa sai da Farfesa, mai duba aikina, ya yi ta dawo min da shi har na daina ƙirgawa. Na ƙarshe ya rubuta a samansa: "Wannan jerin sunaye ne, ba nazari ba." Ranar miƙa kundi kuma ta matso. Wata azahar na shiga ɗakin, ba kowa sai Jan Biro, na buɗe kwamfuta na kasa ko da kalma, sai hawaye.

Ya ce, "Haba, ke da kike fasa kankare?"

Na ce, "Na gaji. Ka faɗa min sau goma, na gane sau goma, in na zo rubutawa sai kaina ya toshe."

Ya dubi ƙofa. Ya dube ni. Sai ya jawo kwamfutar gabansa ya ce, "Kawo. Zan nuna miki yadda ake buɗe sakin layi ɗaya kawai."

Sakin layi ɗaya ya zama shafi, shafi ya zama babi. Kwana da kwanaki muna haka duk azahar in mutane sun fita cin abinci. Ba littafi a gabansa, ba takarda, yatsunsa kawai ke gudu, jimloli na zubowa kamar an buɗe famfo. Ni kuma ina gefe na yi tagumi ina kallonsa, ina cewa a raina, Allah na gode maka da ka ba ni mai ilimi. So hana ganin laifi. Da Farfesa ya karanta sai ya rubuta: "Yanzu kika fara magana."

Litinin ɗin da ta wuce ina ɗakin gwaji ina wanke kwanon awo sai saƙon Farfesa ya shigo: "Ki same ni a ofis yanzu." Ba sallama, ba "'yata" da ya saba. Amma na ce a raina ƙila ranar kare kundi aka sa. Har hoda na shafa a matakala.

Bai ce in zauna ba. Ya juyo min da allon kwamfutarsa. Kafin a karɓi kowane kundi sai an saka shi a wata manhaja da take gwada shi da duk rubutun da aka taɓa ajiyewa, in ta ga jimlolin da suka yi daidai da na wani sai ta shafa musu ja. Babi na ɗaya fari tas. Na uku da na huɗu, inda gwajina yake, fari tas. Babi na biyu kuwa kamar an yanka kaza a kai.

Ya ce, "Kin san wannan kundin?" Ya nuna sunan da manhajar ta fitar a gefe.

Kundin digiri na biyu ne na Jan Biro, wanda ya rubuta shekarun baya a kan ƙarfin kankare. Ban taɓa ko ganin bangonsa ba.

"Farfesa, wallahi ban taɓa buɗe shi ba."

"To aljanu ne suka kwafo miki? Jimla bayan jimla, har da waƙafi?" Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Na yi alfahari da ke a gaban abokan aikina. Gwajinki ya fi na kowa tsafta a bana. Me ya kai ki? Ki faɗa min gaskiya tun muna mu biyu, ƙila in san yadda zan yi."

In na ce Jan Biro ne ya rubuta, na kashe masa aiki da karatu. In na yi shiru, ni ce ɓarauniya. Gaba kura, baya sayaki.

Ya ce, "Shi ke nan. Abin ya wuce hannuna. Alhamis za ki tsaya gaban kwamiti."

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na tura wa Jan Biro saƙo: "Ka zo ɗakin gwaji. Yanzu." Ya amsa da, "Lafiya, ranki ya daɗe?" har da hoton fure. Ban mayar ba.

Ya same ni tsaye a bakin kwamin ruwan da muke jiƙa ƙananan bulon gwaji. Na nuna masa hoton shafin a waya. Ya karanta layi biyu, sai na ga leɓensa yana motsi, yana ƙarasa jimlar tun kafin idonsa ya kai ƙarshenta. Ya dafa bango.

"Innalillahi. Nawa ne."

"Na sani ai. Manhaja ma ta sani."

"Ki rantsar da ni da duk abin da kike so, ban kwafa ba. Ban buɗe fayil ba, ke shaida ce. Babin nan na yi wata da watanni ina gyara shi a lokacina, har ya zauna min a ka kamar karatun allo. Da na zauna rubuta naki, na ɗauka sabo nake yi."

Kuma na yarda da shi, wannan ne abin da ya fi ci min rai. Ba mugunta ya yi min ba. Garin neman gira ne muka rasa ido.

Na ce, "To sai ka faɗa musu haka."

Ya saki bangon ya matso kusa da ni.

"Saura min kaɗan in gama," ya ce a hankali. "Kin san an yi min alkawarin koyarwa in na gama. A kan wannan alkawarin zan tura manyana gidanku. In na ce na taɓa kwamfutarki, an kore ni, ke ma ba za ki tsira ba, don za su ce ba ke kika rubuta ba. Mu biyu za mu nutse."

"In ni kaɗai na nutse fa?"

"Ba za ki nutse ba. Ki ce kin karanta kundina a ɗakin karatu, kin ɗauki bayanai, kin manta ba ki sa sunana ba. Kuskuren ɗalibai ne, kullum ana yi. Gargaɗi za su yi miki su ce ki sake babin."

"Ka tabbata?"

"Na san yadda suke yi."

Bai kalli idona ba da ya faɗi haka. Na lura, amma na yi kamar ban lura ba.

Da na koma gida na tarar falo ya zama shagon tela. Mama ta shimfiɗa yadi a kan doguwar kujera, ruwan toka mai ɗigon zinare, ta ce shi zan sa ranar kare kundi, ga wani shuɗi mai duhu na ranar da za a zo neman aurena. Gwaggo na zaune a kujerar Baba ta miƙe ƙafa, tana juya takalmin da aka sayo min kamar mai neman aibinsa.

Mama ta ce, "Zo nan, Injiniya, ɗaga hannu." Ta zagaya min igiyar awo a ƙugu. "Kai, yarinyar nan kin ƙare. Boko ya tsotse ki."

Gwaggo ta ce, "Ai dole. Sa'o'inta na goyon na biyu, ita tana goyon kwalba. Allah dai ya sa takardar ta fito, kar a yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko."

"Za ta fito, Yaya," in ji Baba daga ƙofar ɗakinsa. Yana riƙe da rediyonsa, sanye da farar singileti da hular da ba ya rabuwa da ita. "Ai an gama mai wuyar. Ko ba haka ba, Injiniya?"

Na ce, "Haka ne, Baba. Alhamis ma zan zauna da kwamiti."

"Kun ji ko! Kwamiti guda saboda 'yata." Ya yi dariya har da buga rediyon a cinya. "Su sa rana kusa, don Allah. Na riga na faɗa wa abokaina a majalisa, kowa ya ce sai ya zo ya ga yadda ake kare kundi."

Na shige ɗaki na kulle, na cusa fuska a filo don kar a ji. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ba kukan digirin kaɗai ba ne. Kukan wannan dariyar ta Baba ne, da yadda fuskarsa za ta koma in Gwaggo ta ce masa ai dama ta faɗa. Wayata ta yi ƙara, saƙon Jan Biro ne: "Kin ci abinci? Ki kwantar da hankalinki, ina tare da ke." Na rubuta, "Tare a ina?" Na goge. Na rubuta, "To."

Ranar Alhamis na sa baƙar doguwar riga da farin mayafi, ko kwalli ban sa ba. A ɗakin taron akwai dogon teburi, da na'urar sanyaya ɗaki da ta sa haƙorana haɗuwa. Malamai uku, shugabar kwamitin a tsakiya, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci. Farfesa na can gefe ya sunkuyar da kai. An buga babin nawa da na Jan Biro an jera su shafi da shafi.

Shugabar ta ce, "Kin ga abin da ake tuhumarki da shi. Me za ki ce?"

Na faɗi abin da aka koya min. Na karanta kundinsa, na ɗauki bayanai, na manta ban sa sunansa ba. Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wata.

Wani malami ya ce, "Mantuwa shafi ɗaya ce, ko biyu. Wannan babi ne sukutum."

Shugabar ta ce, "A shigo da mai rubutun."

Ban san za a kira Jan Biro ba. Shi ya sani, na gane daga yadda ya shigo, da rigarsa mai guga, hannun rigar a sauke an ɓalle maɓalli. Ya zauna nesa da ni da kujera biyu, ƙamshin turarensa ya iso inda nake. Wata zuciyar ta ce min, ga shi ya zo, yanzu zai faɗa. Duk abin da ya ce a bakin kwami tsoro ne, amma ba zai iya kallona a nan ya yi shiru ba.

"Ka san ɗalibar nan?"

"Na san ta, ranki ya daɗe. Tana zuwa ɗakinmu neman taimako."

"Wannan rubutunka ne?"

Ya duba takardun ya daɗe, kamar bai taɓa ganinsu ba. "Nawa ne."

"Kana da abin da za ka ƙara?"

Ya gyara murya. Na damƙe gefen mayafina.

"Abin da zan ce kawai, ɗaliba ce mai ƙoƙari, na ga wahalar da ta sha. Ina roƙon kwamiti ya sassauta mata. Ni dai a nawa ɓangaren, na yafe mata."

Jama'a, ya yafe min.

Na ji malaman suna gyaɗa kai. Ɗaya har ya ce, "Allah ya yi maka albarka, samun irinka sai an tona." Shugabar ta sauke tabarau ta dube ni ta ce, "Kin ji. An ɗauki gumin mutum, ya zo yana nema miki sauƙi. Ba za ki gode masa ba?"

Gaskiyar tana nan a kan harshena, wallahi har ɗacinta nake ji. Na juya na kalle shi. Idonsa ya yi ja, yana roƙona ba tare da ya buɗe baki ba. Na tuna azahar ɗin da ya ga hawayena ya kasa daurewa.

Na ce, "Na gode."

Ba gargaɗi aka yi min ba. An soke kundin gaba ɗaya, har da babin gwajin da ba ɗigon ja ko ɗaya a cikinsa. An dakatar da ni shekara guda, in na dawo in ɗauki sabon batu daga farko, kuma za a rubuta dalilin a takarduna. Shugabar ta ce in ba don roƙon da ya yi ba, kora ce. Farfesa ya tashi ya fita bai ko dube ni ba.

A barandar bene Jan Biro ya cim min. Ɗalibai na wucewa da kwamfutocinsu a hammata, wasu na gaishe shi, yana amsawa da kai.

"Ban zaci za su kai haka ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wallahi ban zata ba. Amma ki duba, ko ba komai ɗayanmu ya tsira. Shekara kamar gobe ce. Zan riƙe ki, zan taya ki sabon, wannan karon..."

"Wannan karon me?"

Ya kau da kai.

Sai wayata ta hau ruri a cikin jaka. Baba. Na so in bar ta ta katse, amma ban taɓa ƙin ɗaga kiran Baba ba, hannuna ya riga tunanina.

"Injiniya! Yaya, an fito? Ina majalisa, ga su nan duk sun kasa kunne." Ina jin muryoyin tsofaffi a bayansa suna dariya, wani na cewa a gaida injiniya. "Sun sa ranar?"

"Baba..."

"Muryarki ta dishe, kin sha tambayoyi ke nan. Ba komai, in kin dawo kya ba ni labari. Yaron nan yana kusa da ke?"

Na ce, "Yana nan."

"Yawwa, ba ni shi in yi masa godiya. Ai ba don shi ba, da ba ki kai inda kike yau ba."

Baba da ƙarfi yake magana a waya, irin ta direbobi, don haka Jan Biro ya ji komai. Na tsaya da wayar a tsakaninmu, Baba yana ta "Halo? Halo, Injiniya?" Na kalli mutumin da na so fiye da kaina, ina jira ko kunya za ta sa ya ja da baya.

Ya goge tafinsa a jikin wando, ya miƙo hannu.